Aikin yanar ido: me ya sa wani ke gani tar, wani kuma dishi-dishi?

Wanda ya taɓa zaman jira a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna ya san irin hirar da ake yi a kan benci. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin mutane.

Me ake cirewa a idon?

Yana ba fata ba ce da ta rufe ido ta waje. Madubin da ke cikin ido ne ya yi hazo, sai likita ya cire shi ya sa na roba. Babba galibi ba a sumar da shi, idon kawai ake kashewa.

Rana ɗaya aka yi wa Baba da maƙwabcinsa aiki. Maƙwabcin yana karatun Alƙur'ani, Baba kuwa har yanzu sai an kama masa hannu. Me ya jawo?

Sau da yawa amsar tana bayan madubin. Cire yana kamar ɗage labulen taga ne, haske zai shigo, amma gani ba ya kyau sai in bayan idon da jijiyar gani lafiya suke. Mai ciwon suga da ya daɗe, ƙananan jijiyoyin jinin bayan idonsa kan lalace, kuma tsakiyar wurin gani na iya kumbura bayan aiki. Shi ya sa ake matsa masa ya daidaita sugansa kafin ranar. Mai hawan jinin ido kuwa, jijiyar ganin da ta riga ta mutu ba ta dawowa, komai ƙwarewar likita. A ganina nan ne ake yawan ɓata wa juna rai: iyali sun sa ran gani garau, ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani tun farko.

Dattijon da ke shan tamsulosin saboda matsalar fitsari ya faɗa wa likita, domin maganin kan sa baƙin ido ya yi laushi ya wahalar da aikin.

Jariri fa, a jira ya girma?

A'a. Ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne a watannin farko. In uwa ta hango fari a tsakiyar ƙwayar idon jaririnta, a kai shi asibiti cikin satin. Shi za a sumar da shi, kuma zai buƙaci tabarau da zuwa dubiya na shekaru.

Yanar na dawowa?

Ba ta dawowa. Amma jakar da aka ajiye sabon madubin a ciki kan yi hazo bayan watanni ko shekaru, yara sun fi fama da haka. Da hasken leza ake buɗe ta cikin 'yan mintuna.

Wace alama ce ta hatsari bayan aiki?

Zafi mai ƙaruwa, ja sosai, ruwan kwantsa, ko gani ya ragu bayan ya fara kyau. Ƙwayar cuta ce mai yiwuwa ta shiga cikin ido. Abin ba ya yawan faruwa, amma ba a kwana da shi a gida. Kwalli, hayaƙin murhu da ƙurar hunturu a kiyaye su, kada ruwan alwala ya shiga idon a kwanakin farko, maganar sujada kuma a tambayi likita.

Masu bi ƙauye-ƙauye suna tura yanar da tsinke fa?

Tura madubin suke yi ya faɗa cikin ido, ba cire shi ba. Haske kan shigo a ranar, a yi ta murna, daga baya kumburi ko hawan jinin ido su biyo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka bi, kuma akasarin idanun da aka tura wa madubin an same su a makance.