Masara mai jure fari da ƙarancin taki: me ke cikin irin?

Da gaske akwai masarar da fari ba ya kashewa?

Babu. Duk mai sayar da irin da ya faɗa maka haka, kuɗinka yake so. Abin da ake da shi masara ce wadda in ruwa ya ɗauke na sati biyu ko uku a tsakiyar damina, za ka samu na kaiwa gida, alhali tsohon iri zai bar ka da kara zalla.

Yaushe fari ya fi yi wa masara ɓarna?

Lokacin da take fidda kai da gemu. Garin furen da ke zubowa daga kai sai ya sauka a kan gemu kafin ƙwaya ta samu, kowane silin gemu da ƙwayarsa ɗaya. In ƙasa ta bushe, kan yakan fito a lokacinsa, amma gemun sai ya yi nawa. Kafin ya leƙo, garin ya gama zuba, sai goyon ya tashi da ƙwaya jefi-jefi, ko ma totuwa kawai. Shi ya sa masu binciken iri ke ƙirga kwanakin da ke tsakanin zubar garin da fitowar gemu. Wadda tazarar tata ta yi gajarta duk da ƙishi, ita suke ajiyewa. Suna kuma duba wadda ganyenta bai saurin naɗewa ko bushewa ba, da wadda kowane kara ya yi goyo.

Yaya ake gwajin, tunda ba mutum ke tsayar da ruwan sama ba?

Da rani ake yi, a gonar ban-ruwa. A shuka ɗaruruwan iri, a shayar da su har su kusa fidda kai, sannan a datse ruwan da gangan. Waɗanda suka yi ƙwaya a haka a haɗa su aure, a sake gwada 'ya'yansu, shekara bayan shekara. Kadawa ta nan Kano, wadda ke shan ruwan madatsar Tiga, na cikin wuraren da ake wannan gwaji, don zafin bazararta yakan haɗa wa masara ƙishi da ƙuna lokaci guda. Cibiyoyin binciken noma na IITA a Ibadan da IAR a Samaru su ne kan gaba a Najeriya, kuma irin da IAR ke fitarwa shi ne mai suna SAMMAZ da lamba a gabansa.

Ina ruwan fari da ƙarancin taki?

Illarsu iri ɗaya ce. Ƙasar da ta rasa sinadarin naitirojin, wanda yuriya ke bayarwa, ita ma takan jinkirta gemu, ganyen ƙasa ya yi rawaya, ƙwaya ta zube tun tana ƙarama. Masu bincike a CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama ta Meziko, sun lura cewa irin da aka zaɓa don fari yakan fi tsohonsa yi a gajiyayyar ƙasa. A nan ma ana gajiyar da gona da gangan: a yi ta shuka masara ba taki, ana kwashe kara, sannan a gwada iri a cikinta. Kuma a irin wannan gona wuta-wuta ta fi samun sake, don haka ake haɗa wa iri da yawa juriyarta.

Ke nan ba sai na sayi taki ba?

Nan ne mutane ke ruɗin kansu. Kowane buhun masara mai kilo 100 yana fita daga gona da naitirojin wajen kilo ɗaya da rabi, ban da na kara. Irin ba ya ƙirƙiro shi, ya dai fi iya tsotsar ɗan abin da ke akwai. In ba ka mayar ba, gonar ce ke biya. Yuriya kashi 46 cikin ɗari naitirojin ce. Ko kaɗan ka samu, ka raba ta kashi biyu, ka binne kusa da gindi bayan ruwa maimakon watsawa. Takin gida da juya gona da waken suya ko gyaɗa ma suna rage nauyin.

Mai saurin nuna ita ce mai jure fari?

A'a. Mai nuna a kwana 80 zuwa 95 gudun ɗaukewar ruwa take yi a ƙarshen damina, amma farin tsakiya na iya kama ta. Manomin Doguwa ko Tudun Wada na da damar shuka mai dogon zango. Na Gumel ko Maigatari kuwa, mai sauri kuma mai juriya yake buƙata, kuma a ganina ko ita ɗin kada ta kori gero daga jigawa.

Zan iya ajiye iri daga abin da na girbe?

In irin da ke barbara da kansa a fili ne, za ka iya shekara biyu ko uku, muddin ka zaɓa daga tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabci. In mai aure ne, kamar TELA da aka fitar a 2024, wadda aka sauya wa ƙwayar halitta don ta jure tsutsa, sai ka sayi sabo duk shekara. Ka tambayi malamin gona na KNARDA ko JARDA, hukumomin bunƙasa noma na Kano da Jigawa, wanne ne a hannunka, ka kuma duba tambarin hukumar iri ta ƙasa a jikin leda kafin ka biya.