Babban cocin Linkon: amsa ga masu son zuwa da masu son zanawa

Tun da na fara nuna zane-zanen da nake yi na babban cocin nan na Linkon, a gabashin Ingila, tambayoyi iri ɗaya nake sha. Bakina ya gaji. Ga amsoshin a wuri guda, wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai a Landan yake?

A'a. Linkon gari ne daban. Jirgin ƙasa daga tashar King's Cross, kamar awa biyu.

Mene ne bambancinsa da sauran coci?

Nan kujerar bishof take, shi ya sa ake ce masa katidiral. Iyakarta ke nan.

Cocin a saman tudu yake, akwai motar da za ta kai ni sama?

Akwai. Amma in dai ƙafarka lafiya lau, haba malam, ka hau. Titin da ke kai mutum can sunansa Steep Hill, an shimfiɗe shi da duwatsu, kuma a inda ya fi miƙewa an kafa ƙarfen dafawa a gefe. Wanda ya taɓa hawa Dala ba zai ji tsoronsa ba, sai dai zai yi haki. Ka bar takalmi mai santsi a gida, domin in an yi yayyafi duwatsun nan ba su san girman kowa ba. Dattawa da masu ciwon gwiwa su shiga tasi, babu abin kunya.

Shekararsa nawa?

An fara gini a 1072, zamanin bishof Remigius, aka keɓe shi a 1092. Girgizar ƙasa ta 1185 ta rusa mafi yawansa, sai bishof Hugh ya soma sabon gini a 1192. Yawancin abin da kake gani yau daga nan ya samo asali.

Gaskiya ne ya taɓa fin kowane gini tsawo a duniya?

Haka tarihi ya nuna. A 1311 aka ɗora wa hasumiyar tsakiya dogon tsini na katako da dalma, an ce ya kai mita 160, har ya zarce babbar dalar Masar. Iska ta kayar da shi a 1548, ba a mayar ba. Don haka ku daina tambayata ina tsinin yake a zanena. Ba ni na cire ba.

Daga ina ya kamata in zauna in zana shi, kuma da wane lokaci?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna mata, kuma amsarta ta danganta.

Kuskuren kowa, ni ma na yi shi, shi ne a hau har sama, a tsaya a dandalin da ke tsakanin coci da fadar sarauta, a buɗe takarda. Daga nan ginin ya yi maka kusa da yawa. Ga tsohuwar ƙofar Exchequergate ta tare maka ƙasansa, ga hasumiyoyi biyu na yamma sun yi sama, sai ka ɗaga kai har wuya ya ƙage. In ka zana yadda ido ya gani, hasumiyoyin za su fito kamar za su faɗi baya. In ka miƙar da su da rula, sai zanen ya mutu. Wanda ya ƙware yana iya cin nasara a nan: shahararren mai zanen Ingila Turner ya zana shi daga wannan ɓangaren tun 1795. Amma kai ba Turner ba ne, ni ma haka.

Shawarata, in karon farko ne, ka sauka ƙasa. Bakin ruwan Brayford, kusa da jami'a, inda ɗalibanmu 'yan Najeriya ke wucewa kullum ba su ɗaga kai ba. Daga can kana ganin hasumiyoyi uku a jere bisa tudu, rufin gidaje na jan bulo suna hawa zuwa gindinsa. Abin da ya sa ginin yake da kwarjini tudun ne, to in ka hau tudun ka zubar da rabin zanen. Sai dai sababbin gine-gine sun tsaya a gaba, dole ka zaɓi abin da za ka bari. Mai son fili da sarari kuma ya ƙara nisa zuwa South Common, amma can iska takan yi wasa da takarda, sai ka riƙe ta da maƙalai.

Lokaci kuwa, ƙofar gaba yamma take kallo, saboda haka da safe tana cikin inuwa. Bayan la'asar ne dutsen yake kama haske, ya koma ruwan zuma. Sai dai la'asar ɗin nan ba ta Kano ba ce: a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, a Yuni kuwa har tara da rabi da sauran haske. Kuma gajimare yana iya sauya maka launin bango sau uku kafin ka wanke burushi. Ni abin da nake yi, in ja layuka da fensir, in yanke shawarar inda inuwa za ta zauna a minti goman farko, in tsaya a kai ko rana ta canza ra'ayi. Wani zai ce a ɗauki hoto a ƙarasa a ɗaki. Ba na hanawa, amma waya tana baƙanta inuwa, dutsen ya fito toka-toka alhali ba haka yake ba.

Abu na ƙarshe: fentin ruwa ba ya bushewa da wuri a nan. Hannun da ya saba da harmatan, inda kafin ka juya takarda ta bushe, zai sha mamaki. Na taɓa shafa shuɗin sama, na jira har shayina ya huce, na ɗora hasumiya, sai ga ta tana narkewa cikin gajimare kamar sukari. Ka tafi da takarda biyu, kana yi wa ɗaya aiki ɗaya tana shan iska.

Ƙarafunan magina sun rufe wani ɓangare, in fasa?

In za ka jira ranar da babu gyara, za ka tsufa. Ka zana da su ko ka tsallake su.

Musulmi zai iya shiga?

Ƙofa a buɗe take ga kowa, ba a tambayar addini. Hukuncin shiga kuma ka tambayi malaminka, ni mai zane ne. In ka shiga lokacin ibadarsu, ka rage murya, ka mayar da waya aljihu.

Ana biya?

Mai yawon kallo yana biya. Hawa hasumiya kuɗinsa daban, matakala fiye da 300. Zane daga waje kyauta ne.

Zan iya yin fenti a ciki?

Ƙaramin littafi da fensir sun ishe ka. Kada ka shigo da gwangwanin ruwa da kujera ba ka nemi izini ba, ka ja mana magana.

Ina ɗan aljanin dutsen da ake faɗa?

Sassaƙa ce ta dutse a cikin cocin. Yana can gabas, saman wani ginshiƙi, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ƙarami ne ƙwarai, kusan kowa sai an nuna masa. Kada ka ji haushi.

Takardar Magna Carta fa?

Yarjejeniyar da ta taƙaita ikon sarkin Ingila ce. Kwafin nan na 1215 mallakar cocin ne, amma a fadar da ke fuskantarsa ake nuna ta.

Na zana, bai yi kyau ba.

Na farko ba ya kyau. Ka leƙa gidan zane na Usher a gangaren tudun, ka ga yadda mai zane Peter De Wint ya yi da wannan gari, ka lura da yawan tagogin da bai wahalar da kansa da ƙirga su ba. Sannan ka koma bakin ruwa bayan la'asar, da sabuwar takarda da rigar sanyi.