Sukari ya hau da yamma, ya faɗi da asuba: jan kunne ga masu karɓar maganin ciwon daji

Duk wanda ake yi wa maganin ciwon daji, a Garwa ne, a Marwa, a Njamena, ko yana sauka Yawunde da Duwala karɓar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, da wuya ka duba takardar magungunansa ba ka ga deksametazon ko firednisolon ba. Wannan na biyun shi ne ake sayarwa da sunan Solupred. Likitoci suna kiransu kortikoyid. Ana ba da su don hana amai da rage kumburi, a ciwon dajin jini kuwa suna cikin maganin kansa.

Kusan kowa an gaya masa cewa suna tayar da sukarin jini, kuma haka ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wanda sukarinsa ya yi sama da la'asar yana iya wayar gari da makyarkyata da gumi mai sanyi saboda sukarin ya yi ƙasa sosai.

Ga yadda abin yake faruwa. Kortikoyid yana sa jiki ya daina jin insulin, sinadarin da ke saukar da sukarin jini, yadda ya kamata, sai jikin ya ƙara yawan insulin ɗin da yake fitarwa. Idan mutum ya sha shayi mai zaƙi da fanke, ko kunu da sukari cikinsa babu komai, sukari yakan shiga jini gaba ɗaya, insulin ya biyo shi da ƙarfi har ya zarce. Bayan awa 2 zuwa 4 sai sukarin ya rikito. Wanda aka yanke wa wani sashe na tumbi ya fi kowa fuskantar wannan, domin abinci yana wucewa hanji ba tare da jinkiri ba, kuma nasa yakan zo da wuri, tsakanin awa 1 da awa 3 bayan cin abinci.

Lokacin shan maganin ma yana da tasiri. Firednisolon da aka sha da safe ƙarfinsa yana bayyana daga azahar zuwa dare, kafin asuba ya ja baya. Deksametazon ya fi daɗewa, yakan kai kwana biyu yana aiki. Babban haɗari yana kan wanda aka ɗora wa insulin ko gilibenkilamid, wato Daonil, saboda hawan sukarin. Kwanakin kortikoyid sun ƙare, amma yana nan yana shan maganin sukari kamar da, ga kemo ta hana shi cin abinci. A nan ake yawan faɗuwa. Tun ranar farko a tambayi likita: ranar da ba na shan kortikoyid, nawa zan rage? Ranar da nake amai fa? A sa shi ya rubuta amsar a karnen asibiti. Metformin, wani maganin sukari, shi kaɗai ba ya cika saukar da sukari har haka.

Alamun farko su ne rawar hannu, gumi, faɗuwar gaba, yunwa mai zuwa farat ɗaya, jiri da dishi-dishin gani. Idan ya ci gaba sai magana ta sarƙe, mutum ya yi ta faɗa ba dalili, ko ya yi shiru yana kallo kamar bai san kowa ba. A gidaje da yawa ana cewa gajiyar kemo ce, wasu su ce iska ce a nemi tofi. Addu'a ba ta hana awo, a auna tukuna.

Lambar da za a riƙe ita ce 70. Na'urar awon sukari ta gida tana nuna 70, takardar ɗakin gwaji kuwa a Kamaru da Cadi takan rubuta 0,70, duk abu ɗaya ne. Ƙasa da haka sukari ya faɗi, ƙasa da 54 kuma lamarin gaggawa ne. A wanke hannu da sabulu a busar kafin a huda yatsa, don ɗanƙon dabino ko mangwaro a fata yana sa na'ura ta nuna lamba mai yawa alhali jinin babu. Tsinken awo, wato 'yar takardar da ake ɗiga wa jini a sa a na'ura, ba ya son zafi. Tsinken da aka bari a mota ko kan taga a watan Afrilu a Kusiri, kada a dogara da shi. Idan babu na'ura kuma alamu sun bayyana, a ba da sukari kawai.

Adadin shi ne giram 15: ƙwayar sukari 3 a narka a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko rabin kofin lemon kwalba mai sukari. A zauna a jira minti 15, a sake awo. In har yanzu bai kai 70 ba a maimaita. Kuskuren da ake yi iri biyu ne. Wasu su miƙa madara ko gyaɗa, alhali mai yana jinkirta shigar sukari jini. Wasu kuma tsoro ya sa su shanye kwalba biyu, sukari ya yi sama, insulin ya sake zarcewa, bayan awa uku a koma gidan jiya. Da zarar ya dawo daidai, a bi shi da abinci mai riƙe ciki, kamar ƙosai, dafaffen ƙwai da ɗan burodi, ko kindirmo da ɗan fura.

Wanda ya suma ko ya kasa haɗiya, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a shafa ɗan zuma ko jiƙaƙƙen sukari a cikin kumatunsa, a garzaya asibiti mafi kusa a yi masa ƙarin ruwan sukari ta jijiya. In Daonil ne sanadi, ko ya farfaɗo kada a yi saurin komawa gida, domin maganin yana iya sake kayar da shi har washegari.

Rigakafin yana cikin tukunya. Maimakon cin abinci mai yawa sau biyu, a raba shi sau biyar ko shida, kada a wuce awa 3 zuwa 4 da rana ba a sa komai a baki ba. Kada abin zaƙi ko gari ya shiga ciki shi kaɗai. Tuwon dawa da miyar kuɓewa ko ta kuka da kifi ya fi farar shinkafa da mai. Kunun gyaɗa mai ɗan sukari kaɗan ya fi koko da aka zuba wa cokali huɗu. Wake, ƙwai, nama da nono suna rage gudun shigar sukari, sai dai mai karɓar kemo ya tabbata an tafasa nonon kafin a haɗa shi, don garkuwar jikinsa ta yi rauni. Shayi da folere a sha su bayan abinci, da ƙwayar sukari ɗaya. Na san raba mutumin yankinmu da shayinsa aiki ne, shi ya sa ba mu cewa a daina. Kafin kwanciya a ci ɗan abu, musamman mai allurar insulin.

Kada a tsayar da kortikoyid kwatsam saboda tsoron sukari, ko don kuɗi ya ƙare. Wanda ya sha shi fiye da mako 3, gaɓoɓin da ke saman ƙodarsa sun rage samar da irinsa na jiki, suna buƙatar a janye shi sannu a hankali. In aka yanke lokaci ɗaya, sukari da matsin jini sukan faɗi tare, ga amai ga kasala, kuma wannan ƙwayar sukari ba ta gyara shi, sai asibiti.

Da damina akwai ƙarin abu: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana saukar da sukari, maganinsa kwinin ma haka, domin yana sa jiki ya saki insulin. Tiramadol da ake sha don ciwo shi ma yana iya yi. Duk ma'aikacin lafiyar da zai rubuta muku magani, ku nuna masa abin da kuke sha.

Mai hawa jirgin ƙasa na dare daga Ngaundare zuwa Yawunde ya sa sukari, dabino da ƙosai a aljihu ko jakar hannu, kuma abokin tafiyarsa ya san inda suke. Batun azumi, a tattauna da likita kafin wata ya kama. Mara lafiya yana da rangwame, kuma wanda awonsa ya sauka ƙasa da 70 ya karya nan take, ko da saura minti goma a sha ruwa.

Duk lokacin da abin ya faru, a rubuta ƙarfe nawa ne, lambar da na'ura ta nuna, abin da aka ci kafin nan, da kwana nawa ke nan da shan kortikoyid na ƙarshe. Da wannan rubutun likita zai gane ko abinci za a gyara ko magani za a rage.