Kuɗi da ƙwayoyin ƙara kuzari a gudun fanfalaki na Kenya

Ƙwayoyin ƙara kuzari su ne magungunan da aka haramta wa 'yan wasa saboda suna ba su ƙarfi ko juriyar da ba ta halitta ba. A gudun fanfalaki, mai tsawon kilomita 42.195, wanda ya fi yin suna shi ne EPO, allurar da likitoci ke yi wa masu ƙarancin jini, musamman masu ciwon ƙoda. Tana ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, sai mai gudu ya daɗe bai gaji ba.

A garuruwan Eldoret da Iten, matasa kan fito tun da asuba suna atisaye a kan jar ƙasa, da yawansu 'ya'yan ƙananan manoma ne. Nasara ɗaya a Turai ko Amurka ta isa mutum ya sayi gona, ya gina gida, ya biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Ban da kyautar gasa akwai kuɗin halarta, da tukuicin kafa sabon tarihi, da kwantiragin kamfanonin takalma. Wakilin ɗan wasa ma yana da kasonsa, shi ya sa ba adalci ba ne a ɗora laifin a kan mai gudun shi kaɗai.

Rita Jeptoo 'yar Kenya ta lashe gasar Boston ta 2014, ta karɓi dala 150,000, da ƙarin 25,000 na kafa tarihi. Ta kuma ci ta Chicago a watan Oktoba. Saura kwanaki a miƙa mata dala 500,000 na World Marathon Majors, wato jerin manyan gasannin gudun fanfalaki na duniya, sai labari ya fito cewa an gano EPO a fitsarinta da aka ɗauka a watan Satumba. Aka dakatar da ita shekara biyu, kotun wasanni ta duniya ta mayar da shi huɗu a 2016. Abin tausayi ita ce Buzunesh Deba 'yar Habasha, wadda ta zo ta biyu a Boston: an ba ta kambun, amma ta shafe shekaru tana jiran kuɗinta.

Jemima Sumgong, ita ma 'yar Kenya, mai zinariyar Olamfik ta 2016 a Rio, an kama ta da EPO a 2017.

Kenya ta kafa dokar yaƙi da wannan ɗabi'a a 2016, sannan a 2022 gwamnati ta yi alkawarin kashe dala miliyan 5 duk shekara, har shekara biyar, wajen gwaji da bincike.