Wai mai keke ya riƙa fuskantar motoci?

Tun muna yara ake gaya mana wai mai keke ya bi ɗaya hannun don ya riƙa ganin motar da ke tahowa. Jama'a wannan ƙa'idar mai tafiya a ƙasa ce fa, keke abin hawa ne, hannun dama zai bi kamar kowa, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙin dama.

A mahaɗa abin ya fi cin mutane. Direban da ya fito daga hanyar ƙauye zai hau kwalta ya yi dama, hagu yake leƙawa don ta can motoci suke zuwa, kai kuma sai ka ɓullo masa ta dama da buhun gero a bayan keke, wallahi bai ma san da kai ba, kuma in aka yi gaba da gaba gudunka da nasa ne za su haɗu.

Maƙalewa can bakin titi a kwana ma ba tsira ba ce. Tirela in za ta sha kwana kanta yana buɗewa, tayoyin baya kuma su matso ciki, ka je Wudil ranar Juma'a ka gani. Kar ka kuskura ka shiga tsakaninta da gefen hanya, tsaya a bayanta.

In hagu za ka yi, waiga tukuna, miƙa hannu, ka matso tsakiyar hannun titin da kake bi, ban da yanke kwana. Titi ya cika? Sauka ka tura abinka ka tsallaka.