Me ake nufi idan an ce fim "ya shiga takarar Oscar"?

A ƙarshen 2024, da aka sanar cewa Najeriya ta zaɓi fim ɗin Hausa mai suna Mai Martaba domin ya wakilce ta a gasar Oscar, an yi ta taya juna murna, kuma murnar ta dace. Sai dai a cikinta wasu sun riƙa cewa fim ɗin "ya shiga takara", wasu ma har sun miƙa masa kyautar da bakinsu. Abin da ya faru shi ne ƙasa ta tura shi. Turawa daban, shiga takara daban, ci kuma daban. Kalmar da ke jawo ruɗanin ita ce wadda Turawa ke cewa nominee, wato wanda alƙalan gasar da kansu suka tsamo daga cikin taron jama'a suka ce ya cancanci a kaɗa masa ƙuri'ar ƙarshe. A Hausa mukan ce ɗan takara, ba laifi, amma ɗan takarar siyasa shi ke sayen fom ya tsaya, wannan kuwa tsayar da shi ake yi.

Domin a gane nauyin kalmar sai an koma inda ta samo asali, wato Hollywood ta zamanin da ake kira na zinare. Zamanin ya fara ne daga lokacin da fim ya soma magana a 1927, ya kai har farkon shekarun 1960. A lokacin manyan kamfanoni biyar ne ke riƙe da wuyan masana'antar: MGM, Paramount, Warner Bros, 20th Century Fox da RKO. Jarumai nasu ne bisa kwantiragi na shekaru, marubuta da daraktoci albashi suke karɓa, gidajen sinimar da za a haska fim ɗin ma da yawansu nasu ne, har sai da kotun ƙolin Amurka ta raba su da gidajen sinimar a hukuncin da ta yanke a 1948.

Shugaban MGM, Louis B. Mayer, shi ya kawo shawarar kafa ƙungiyar da ake kira Academy a 1927. Ba kyauta ce ta fara zuwa masa a rai ba. Damuwarsa ita ce ma'aikatan fim sun soma haɗa kai suna kafa ƙungiyoyin ƙwadago, shi kuwa yana son wata inuwa ɗaya da za a riƙa sasanta rigima a cikinta ba tare da an kai ga yajin aiki ba. Kyautar daga baya ta biyo, ta kuma zo ta shanye komai.

Bikin farko an yi shi ranar 16 ga Mayu 1929 a otal ɗin Roosevelt da ke Hollywood. Mutum kusan 270 suka halarta, kuɗin shiga dala 5, rabon kyaututtukan bai wuce minti goma sha biyar ba, domin an riga an sanar da waɗanda suka ci tun watanni uku kafin nan. Wings, fim ɗin matuƙan jiragen yaƙi wanda ba a magana a cikinsa, shi ya ɗauki babbar kyauta. Sirrin da ake yi yanzu na ambulan a liƙe daga baya ya zo: a 1940 jaridar Los Angeles Times ta saɓa alƙawari ta buga sunayen kafin a fara biki, baƙi na shigowa sun riga sun san komai. Daga shekarar da ta biyo aka koma rufe sakamako a ambulan.

Shi kansa abin da ake miƙawa mutum-mutumi ne na wani barde riƙe da takobi, yana tsaye a kan naɗin fim mai ƙafafu biyar, kowace ƙafa tana wakiltar reshe ɗaya na ƙungiyar a farkonta: 'yan wasa, marubuta, daraktoci, furodusoshi da ma'aikatan fasaha. Tsawonsa kusan santimita 34, nauyinsa ya kusa kilo huɗu. Sunan Oscar kuwa laƙabi ne. Labarin da ya fi yawo shi ne wata ma'aikaciyar laburaren ƙungiyar, Margaret Herrick, ta kalle shi ta ce ya yi kama da kawunta Oscar. Jaruma Bette Davis ta ce ita ta raɗa masa, wani ɗan jarida ma ya ce shi ne. Ko ma wane ne, sunan ya bi shi, ƙungiyar ta amince da shi a 1939.

To yaya ake zama ɗan takara? Matakin farko shi ne cancanta, kuma a wancan zamani sharaɗin ya rataya ne a kan birni ɗaya: sai an haska fim a sinimar Los Angeles a cikin shekarar da ake magana a kai. Casablanca an fara nuna shi a New York a Nuwamba 1942, amma bai isa Los Angeles ba sai Janairu 1943, don haka aka lissafa shi cikin finafinan 1943, ya kuma ci a bikin 1944. Wanda ya fi ban mamaki shi ne Limelight na Charlie Chaplin. An yi shi a 1952, amma saboda rigimar siyasar da ta sa Chaplin ya bar Amurka, ba a haska shi a Los Angeles ba sai 1972. Shekara ashirin da ɗaya bayan fitarsa ya ci kyautar kiɗa.

Mataki na biyu shi ne tsayarwa. Kowane reshe shi ke tsayar da nasa: daraktoci su tsayar da daraktoci, 'yan wasa su tsayar da 'yan wasa, marubuta su tsayar da marubuta. Shi ya sa 'yan fim da yawa ke ɗaukar tsayarwar da muhimmanci ƙwarai, domin abokan sana'arka ne, waɗanda suka san wahalar aikin, suka nuna ka. A mataki na uku ne ake buɗe ƙuri'a ga sauran mambobi su zaɓi ɗaya. Rukunin gwarzon fim a ƙarshen shekarun 1930 yana ɗaukar finafinai goma, daga finafinan 1944 aka mayar da shi biyar, haka ya zauna har 2009.

A mataki na ukun nan ne gizo ke saƙa. Masu kaɗa ƙuri'ar ma'aikatan kamfanonin nan ne, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Fim ɗin da babban kamfani ya zuba wa kuɗi yana da ɗaruruwan mutane da abincinsu ya rataya a kansa. Wanda ya taɓo wani mai ƙarfi kuwa, sai ya shirya.

Misalin da kowa ke kawowa shi ne Citizen Kane na 1941. Orson Welles yana ɗan shekara 25 ya shirya shi, ya ba da umarni, ya fito a matsayin jarumi, yana kuma cikin waɗanda suka rubuta. Labarin wani attajirin mai jaridu ne da ya tara duniya ya mutu cikin kaɗaici, kuma ba wanda bai gane cewa da William Randolph Hearst, hamshaƙin mai jaridu na Amurka, ake ba. Hearst ya hana jaridunsa ambatar fim ɗin ko karɓar tallarsa, gidajen sinima da dama suka ji tsoron haska shi. Duk da haka an tsayar da shi a rukuni tara. Daren biki ya tashi da kyauta ɗaya tak, ta rubutu. Gwarzon fim ya tafi ga How Green Was My Valley na John Ford, labarin wani iyali na masu haƙar kwal a Wales. A nan ina ganin ana yi wa fim ɗin Ford rashin adalci, domin fim ne mai kyau da taɓa zuciya, laifinsa kawai shi ne wanda ya kayar. Amma tarihi ya yi nasa hukuncin: daga 1962 har tsawon shekara hamsin, duk lokacin da mujallar Sight and Sound ta Ingila ta tambayi masu sharhin fim na duniya, abin da take yi bayan kowace shekara goma, Citizen Kane ke zuwa na ɗaya.

Wanda ya ture shi daga kujerar a 2012 shi ne Vertigo na Alfred Hitchcock, fim ɗin 1958 wanda ko takarar gwarzon fim bai shiga ba. Rukuni biyu kawai aka tsayar da shi, tsara wuri da sauti, bai ci ko ɗaya ba. Shi kansa Hitchcock sau biyar ana tsayar da shi a rukunin darakta, sau biyar yana komawa gida hannu rabbana. Fim ɗinsa Rebecca ya zama gwarzon 1940, amma wannan kyauta ta ɓangaren furodusa ce, sai ta tafi wajen David O. Selznick. Haka a bikin 1953, na farko da aka nuna a talabijin, wani fim ɗin 'yan wasan dabo da dabbobi, The Greatest Show on Earth, ya kayar da High Noon, shi kuwa Singin' in the Rain ba a ma sa shi a layin gwarzon fim ba. Yau wa ke neman na farkon ya kalla?

Ba ina nufin alƙalan kullum suna kuskure ba. It Happened One Night na 1934 ya kwashe manyan kyaututtuka biyar, fim, darakta, jarumi, jaruma da rubutu, kuma har gobe yana ba da dariya. All About Eve na 1950 an tsayar da shi sau 14, ya ci shida. Ben-Hur na 1959 ya ci 11 cikin 12. Lawrence of Arabia na 1962 ya ci bakwai, kuma a cikinsa ne aka tsayar da Omar Sharif ɗan Masar a rukunin mataimakin jarumi. Jarumin fim ɗin, Peter O'Toole, daga nan ya fara jerin tsayarwa takwas da bai ci ko ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda ƙofar ma da ƙyar aka buɗe musu. Ranar 29 ga Fabrairu 1940, a otal ɗin Ambassador, Gone with the Wind ya kwashe kyauta takwas cikin tsayarwa 13. Ɗaya daga ciki ta Hattie McDaniel ce, baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, saboda fitowarta a matsayin baiwar gida. Otal ɗin ba ya karɓar baƙar fata, alfarma aka nema kafin ta shiga. Da ta shiga ba a zaunar da ita teburin su Clark Gable da Vivien Leigh ba, aka kai ta wani ɗan tebur can jikin bango. Daga nan ta taso da furanni a gashinta, ta ratsa tsakiyar zauren, ta karɓa, ta yi godiya tana hawaye, ta koma inda aka ajiye ta. Sai 1964 wani baƙar fata, Sidney Poitier, ya ci kyautar gwarzon jarumi.

Wani lokacin ma sunan da aka tsayar ba na mai aikin ba ne. A shekarun da ake farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci a Amurka, an sa marubuci Dalton Trumbo a baƙin littafi, ba kamfanin da zai ɗauke shi aiki a fili. Sai ya ci gaba da rubutu a ɓoye. Labarin Roman Holiday na 1953 nasa ne, amma sunan abokinsa Ian McLellan Hunter aka sa, shi ya karɓi kyautar. A bikin 1957 aka kira wani Robert Rich a matsayin wanda ya ci kyautar labari da The Brave One. Sunan aro ne kawai, marubucin na gaske Trumbo ne. Sai 1975 aka ba shi tasa, ta Roman Holiday kuwa matarsa ce ta karɓa a 1993, shekara 17 bayan mutuwarsa.

Rukunin da ya shafe mu kai tsaye, na finafinan da ba da Turanci aka yi su ba, an mayar da shi gasa ne daga finafinan 1956, La Strada na Federico Fellini ɗan Italiya ya fara ci. A nan ne ake da ƙarin mataki a gaba: kowace ƙasa tana da kwamitin da ke tura fim ɗaya. A tsarin yanzu ana tace waɗanda aka turo a fitar da 15, daga cikinsu a tsayar da biyar. Waɗannan biyar su kaɗai ne 'yan takara. Najeriya ta fara turawa a 2019 da Lionheart, aka cire shi saboda Turanci ya yi masa yawa. Shekarar da ta biyo ta tura The Milkmaid, wanda Hausa ta fi yawa a cikinsa. Shi da Mai Martaba duk ba su kai ga 15 ɗin ba.

Amma akwai wani ɗan takara na gaske daga wancan zamani da iyayenmu suka sani ciki da bai, ko da ba su san ya je Oscar ba. Mother India na Mehboob Khan, wanda Nargis ta fito a matsayin uwar da bashin mai ba da rance ya cinye mata rayuwa, ya fito a 1957, ya kuma shiga cikin biyar na ƙarshe a bikin 1958. Shi ne fim ɗin Indiya na farko da ya kai wannan matsayi. Fellini ne ya sake ɗauka, wannan karon da Nights of Cabiria. A sinimomin Kano kuwa an shafe shekaru ana maimaita Mother India, mutane na shiga suna rera waƙoƙinsa tare da 'yan wasan, alhali ba sa jin Indiyanci.