Waiwaye: Makomar Mai Sukar Jam'iyyarsa a Siyasar Kaduna

Tun kafin 'yancin kai ake wannan rigima a Arewa. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta faro ne a matsayin ƙungiyar al'adu, da 'yan mazan jiya da masu neman sauyi duk a inuwa ɗaya. Da ta rikiɗe ta zama NPC a 1951, masu sukar mulkin En'e irin su Malam Aminu Kano ba su sami wurin zama ba, sai NEPU.

A jamhuriya ta biyu abin ya faɗo kan PRP. Gwamna Balarabe Musa na Kaduna da Gwamna Abubakar Rimi na Kano sun ƙi bin umarnin uwar jam'iyya na daina zama da gwamnonin UPN da GNPP, jam'iyya ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo. Sa'ad da majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye, ta tsige Balarabe a Yunin 1981, babu dunƙulalliyar jam'iyyar da za ta tsaya masa.

Na zamanin Gwamna Nasir El-Rufai ya fi nuna yadda ake yi wa mai suka. Ana farawa daga mazaɓa: a 2015 shugabannin APC na Tudun Wada suka dakatar da Sanata Shehu Sani, mai sukar gwamnan. A Fabrairun 2018 aka rushe ginin da ɓangaren APC na Sanata Suleiman Hunkuyi ke amfani da shi a matsayin ofis, gwamnati ta ce an saɓa ka'idar fili kuma ba a biya kuɗin ƙasa ba. Wata guda bayan haka sanatocin jihar uku suka ƙi amincewa da rancen dala miliyan 350 na Bankin Duniya da gwamnatin jihar ta nema. Kafin shekarar ta ƙare Hunkuyi ya koma PDP, Shehu Sani ya koma PRP, kuma duka biyun ba su dawo majalisa a 2019 ba.

Dalilin yana cikin doka. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole jam'iyya ta tsayar da kai. Daliget kuwa, wato wakilan da ke zaɓar wa jam'iyya ɗan takara, a wancan lokacin shugabannin mazaɓu da ƙananan hukumomi ne ke haɗa su, su kuma galibi gwamna ne ya ɗora su. Idan ɗan majalisa ya fice, sashe na 68 da na 109 sun ce kujerarsa ta tafi, sai in jam'iyyar ta rabu. Kotun Ƙoli ta yanke a 2015 cewa rabuwar dole ta kai matakin ƙasa, rikicin reshen jiha bai isa ba.

A Amurka ma Liz Cheney, 'yar mazan jiya ta Republican, ta rasa muƙaminta na shugabanci a cikin 'yan jam'iyyarta na majalisar wakilai a 2021 saboda sukar Trump, ta faɗi zaɓen fid da gwani a 2022. Amma can talakawan jam'iyya ne suka kaɗa ƙuri'a. Nan kuwa, abin takaici, a wancan lokacin mutum ɗaya da jerin sunayen daliget a aljihunsa ya isa ya raba mai suka da tikitinsa.